Hoda a Injin Suruki

A layin bayan masallaci, nan unguwar New Bell, babu wanda bai san farar akori-kurar Alhaji Zakariya'u ba. Mai shan dizal ce, idan aka tashe ta da safe sai kwanukan da aka kife a kan katanga sun ɗan motsa. Ta daɗe tana ɗauko masa buhunan goro da albasa, kuma duk Juma'a kafin masallaci sai an kai ta wurin wanki an wanke ta ciki da waje, har injin. Alhaji mutum ne mai tsafta. Ko a tsakiyar damina, lokacin da kwata ke haɗuwa da titi, da farar riga yake fita, da farar riga yake dawowa.

A ƙarshen layin kuma akwai Haliru, mijin 'yarsa Zulfa. Haliru ya yi shekaru yana tuƙa bensikin, wato babur ɗin haya, tsakanin New Bell da Akwa, har Allah ya ba shi na biyu. Sai baya ya fara yi masa ciwo, ga kuma jaririya an samu, Ikhlas. Ya sayar da baburan duka biyu, ya ce akori-kura zai saya ya riƙa kai wa masu shaguna kaya a unguwar Logbaba. Bayan wannan ba shi da komai. Idan motar da ya saya ta kwanta, shi da iyalinsa sun kwanta tare da ita.

Labarin ya isa kunnen Alhaji ta hanyar da ya saba bi. Zulfa ta faɗa wa uwarta, Hajiya Rakiyatu, Hajiya ta faɗa wa Alhaji lokacin da take zuba masa shayi. Amsa ta dawo ta wannan hanyar. Alhaji ya ce me zai kai yaro wurin baƙi ga mota a gida? Direbansa ya koma arewa, shi kuma dama yana son ya huta. A bar ta cikin dangi.

Matan layin suka ce Haliru ya yi dacen suruki. Shi kuwa tun ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Tun da ya auri Zulfa bai taɓa kallon tsakiyar idon Alhaji ba. Daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida shi yana kallon ƙasa. Ko gyaɗa bai taɓa tauna ba a gabansa. To mutumin da ba ka iya shan ruwa yana kallo, ta ina za ka kwanta a ƙarƙashin motarsa kana leƙe-leƙe? Ai daidai yake da ka tsaya a tsakiyar layi ka kira shi maƙaryaci.

Alhaji da kansa ya kira shi ya buɗe masa gaban motar. Injin yana ƙyalli, ko ɗigon mai babu.

"Ka gani?" in ji Alhaji. "Ko shinkafa aka zuba a nan sai a ci."

"Haka ne, Baba," in ji Haliru, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Daga nan bai zarce ko'ina ba sai unguwar Bassa, garejin Hamman da ke bayan wani babban sito. Hamman Bafulatanin Garwa ne, Haliru kuwa kakansa Babarbare ne, saboda haka ba sa haɗuwa su rabu ba su ci mutuncin juna ba.

"Bawana ya zo gaida ubangidansa," in ji Hamman daga ƙarƙashin wata babbar mota. "Ina baburan? Ka sayar ka sayi taushe?"

"Fito, makiyayi. Magana ce da ni."

Hamman ya fito yana goge hannu, ya saurara har ƙarshe. Da aka zo kan shinkafa sai ya yi dariya.

"Tsohon injin dizal, kuma yana ƙyalli? Mon frère, ɗan'uwana, tsohon inji mai lafiya ƙura ce a jikinsa, busasshiya. Idan ka ga an wanke shi tas, ba ka san komai a kansa ba. Kawo ta in sa ta a rami in duba."

"In ce masa me? Baba, ba ni motarka in kai wa wani Bafulatani ya gani ko ƙarya kake yi?"

"To ka saya haka nan. In ta mutu sai ka sa wa kaji su yi ƙwai a ciki."

Haliru ya zauna a kan tsohuwar taya. Hamman ya dube shi, ya ga abin ba na wasa ba ne.

"Ji nan. Ka san yadda za ka yi ta kwana a wurinka. Ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta. Da safe ka duba. Baƙi mai kauri, man inji ne. Ja-ja, na sitiyari ne. Mai ruwa-ruwa da wari, dizal ne. Wannan zai gaya maka ko tana yoyo. Amma ba zai gaya maka daga ina ba, domin mai ba ya ɗiga a inda ya fito, gangarawa yake yi, iska kuma ta kora shi baya."

"To daga ina ɗin fa?"

"Hoda. Ka barbaɗa wa injin hoda yana bushe, sama da ƙasa. Ka tuƙa ta ta yi zafi sosai. Man zai ja baƙin layi a kan farin, sai mu bi layin har inda ya fara. In daga murfin sama ne, ba komai ba ne, kafin ka gama shan shayi na gyara. In daga wani wuri ne kuma, to sai mun gani."

Aron motar ma ta hanyar mata ya bi. Haliru ya ce wa Zulfa abokinsa na Logbaba an yi masa haihuwa, za a kai kujerun suna da sassafe, ko Baba zai ba da aron mota ta kwana a nan. Zulfa ta ɗan dube shi, sannan ta yafa mayafi ta tafi wurin uwarta. Kafin magariba makulli ya iso.

Suna dai babu shi, abokin ma babu. Amma kujeru sai da Haliru ya nemo na roba ya loda a baya ya ɗaure da igiya, saboda layin nan ba a yi masa ƙarya hannu sake. Da aka shiga sallar magariba, hanya ta yi shiru, ya zaro wani faffaɗan kwali na taliya ya tura ƙarƙashin motar da ƙafa, kamar ba shi ba.

Da ya dawo daga sallar asuba ya sunkuya. Babu kwali. An share wurin fes, tsintsiya ta bar zanenta a ƙasa, kuma daidai ƙarƙashin injin an barbaɗa sabon yashi.

Ya tarar da Zulfa tana yi wa Ikhlas wanka a roba.

"Ina kwalin da ke waje?"

"Na share. Kwali a ƙofar gida, sai ka ce ba mutane a ciki."

"Ina kika kai shi?"

"Iya Rahma ta karɓa ta hura wutar fankenta."

Iya Rahma ita ce mai suyar fanke a tsakiyar layin, inda take hango ƙofar Alhaji da ta Haliru ba tare da ta juya kujera ba.

"Akwai wani abu a kansa?"

"Kwali ne dai."

"Zulfa."

Ta ɗaga jaririyar ta naɗe ta da zane. Ba ta dube shi ba.

"Na yage gefen da ya ɓaci kafin in ba ta. Motar babana ce, Baban Ikhlas. Kana so gari ya waye kowa ya zo ya karanta kwali?"

"Baƙi ne ko ja?"

"Baƙi."

"Da yawa?"

"Kamar bakin kofi."

Ta ajiye yarinyar a katifa, ta ɗauko gwangwanin hodarta ta shafa mata a wuya da hammata. Haliru ya tsaya yana kallon gwangwanin. Da ta fita zubar da ruwan wanka, ya sa shi a aljihu. Da ta dawo ta dubi inda ta ajiye shi, ta dubi aljihunsa, ta ce ya tuƙa a hankali, motar ba ta son ramuka.

A wani lungu bayan sito ya tsaya ya buɗe gaban motar. Ya barbaɗa hodar a kan injin, gefe da gefe, sannan ya waiga hagu da dama ya kwanta ya shiga ƙarƙashi ya watsa sauran. Sai da gwangwanin ya zama fanko. Ya fito fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa.

Ya kai kujerun Logbaba, suka sha iska, ya juyo da su. Cunkoson hanya ya yi masa rabin aikin, domin kafin ya iso Bassa injin ya yi zafin da ake so. Abin da Hamman bai gaya masa ba shi ne, hodar jariri in ta ji zafi ƙamshi take yi. Duk inda ya tsaya sai masu bensikin sun waiwayo suna shinshina.

"Wa ya kawo mai jego garejina?" in ji Hamman. "Ba ka samu garin rogo ba ne, bawana?"

"Ka ce hoda."

"Na ce hoda. Ban ce ka yi mata kwalliyar suna ba. Hau ramin da ita."

Suka sauka tare da tocila. Hamman ya fara daga sama. Murfin injin fari tas, gefen tace-mai fari, gaba wajen bel fari. Haliru ya fara jin sanyi a ransa. Sai hasken ya gangara baya, inda inji ya haɗu da giya, suka ga baƙin layi mai sheƙi ya tsaga hodar ya sauko, ya taru a ƙasa yana shirin ɗiga.

"Ga shi nan," in ji Hamman. "Wata 'yar roba ce a can ciki. Ita kanta ba komai ba ce, amma kafin hannu ya kai gare ta sai an sauke giya gaba ɗaya."

"Amma ana gyarawa?"

"Ana gyarawa. Tsaya tukuna. Je ka tashe ta."

Haliru ya tashe ta. Hamman ya kwance murfin da ake zuba mai, ya ɗora shi a bakin ramin bai murɗa ba. Murfin ya fara tsalle yana ƙara, hayaƙi na fitowa ta gefensa fuf-fuf, can ya yi sama ya faɗo ƙasa.

"Ka ga wannan? Iska ce ke tserewa daga inda bai kamata ba, ta cika cikin injin, ita ke turo man waje. In na sa sabuwar roba yau, za ta sake fasa ta. Injin ya gaji, Haliru. Yana iya kai Alhaji kasuwa ya dawo da shi a hankali. Amma kai da za ka loda mata kaya kullum zuwa Logbaba, ba za ta ga ƙarshen damina ba."

Wannan karon bai ce masa bawana ba.

Haliru ya mayar da kujerun mutane, ya biya ta gida ya sauya riga. Ya ce wa Zulfa zai kai motar wurin wanki kafin ya mayar.

"Me Hamman ya ce?" ta tambaya. Bai taɓa gaya mata zai je wurin Hamman ba.

Ya gaya mata duka, har da murfin da ya yi tsalle. Ta saurara tana jijjiga Ikhlas a kafaɗa.

"In ka wanke, sai me?"

"Sai in mayar masa yadda ya ba ni."

"Sannan ka saya?"

Ya dubi makullin motar. Ta ci gaba.

"Ko za ka je ka durƙusa ka ce, Baba, motarka ta gaji, ba na so?"

"Kin san ba zan iya ba."

"Ni ma ba zan iya ba. Inna ma ba za ta faɗa masa ba, sai dai ta ce masa kana godiya. To kada ka wanke. Kullum da safe Baba yana buɗe ta ya duba ruwa. Ka bar ta ta gaya masa da kanta."

"Zai san na bincike shi."

"Zai sani. Amma ba wanda ya faɗa masa a fuska, kuma ba a gaban kowa ba."

Haliru ya daɗe zaune a bakin gado da makulli a hannu. Ya tuna baburansa biyu da yanzu wasu ke hawa. Ya tashi, ya goge hodar da ta taɓa fenti ta waje kawai, ya bar ta ciki.

Bayan la'asar Alhaji na zaune a benci a ƙofar gida tare da dattawan da ya saba zama da su. Haliru ya ajiye motar a wurinta ya kashe. Zafin injin ya taso da ƙamshin, iska ta kai shi har benci. Wani tsoho mai suna Malam Halilu ya ɗaga hanci.

"Alhaji, haihuwa aka yi a gidan nan ba mu ji ba?"

"Daga wurin suna take," in ji wani.

"To motar aka yi wa wankan jego?"

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Haliru ya cire takalmi, ya durƙusa, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Kujeru sun isa lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. An gode."

"Me aka sa wa yaron?"

Haliru bai shirya wa wannan ba. "Saminu, Baba."

"Allah Ya raya Saminu."

"Amin, Baba."

Abin da ya faru washegari, daga bakin Iya Rahma aka ji shi, ita kuwa ta ce har fanke ya ƙone mata a kasko saboda kallo. Alhaji ya fito da butarsa zai duba ruwa, ya ɗaga gaban motar, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya sa yatsa ya dangwali farin ya shinshina. Ya ajiye buta, ya shiga gida ya fito da tabarma, ya shimfiɗa a gefen motar, ya durƙusa da farar rigarsa ya leƙa ƙarƙashi. Da ya miƙe akwai baƙi a hannun rigar. Ya rufe motar a hankali, ya naɗe tabarmarsa ya shige.

Ko Alhaji ya san da yoyon tun farko, har yau matan layin sun rabu biyu. Wasu sun ce mutumin da ya ƙi yarda a taɓa ganin injinsa da datti, ai ya san abin da yake wankewa. Wasu sun ce direban da ya tafi ne ke ƙara mai a ɓoye don kada a ce shi ya lalata, wankin Juma'a kuma ya rufe wa Alhaji ido kamar yadda ya rufe wa kowa. Hajiya Rakiyatu ce kaɗai za ta iya raba gardamar, ita kuwa da an taɓo zancen sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Kwanaki suka wuce ba saƙo. Haliru na zuwa gaisuwa kamar kullum, Alhaji na amsawa da "lafiya" guda ɗaya, ba ƙari. Haliru ya karɓi babur ɗin wani yana yi masa aiki, bayansa ya koma ciwo. Kuɗin motar na nan inda ya ajiye su, bai san ko nasa ne ba ko na Alhaji.

Ran nan da hantsi Zulfa ta dawo daga gidansu da baƙar leda a hannu. Ta zauna, ta kwance goyo, sai da ta sha ruwa tukuna.

"Inna ta ce in gaya maka, Baba ya ce ka yi haƙuri. Ya fasa sayar da motar. Ya ce ya saba da ita, ba zai iya ganin wani a cikinta ba. Ka nemi wata."

Haliru ya sauke numfashi. Sannan ya gyara fuska, domin abin da ya dace kenan.

"Ki ce wa Inna ta ce masa ban ji daɗi ba, na riga na sa rai. Amma yadda ya ce haka za a yi."

"Na riga na faɗa mata haka tun a can."

Ta tura masa ledar. Ya buɗe. Sabon gwangwanin hodar jariri ne, babba, irin wanda ya fi nasu.

"Ya ce a mayar wa Ikhlas abinta, ita ba ta cikin cinikin. Ya kuma ce idan ka je Logbaba ka gaida masa Saminu."

Haliru ya juya gwangwanin a hannu. Zulfa ta karɓe shi ta sa a kwandon yarinya, ta ce wannan dai ba za a taɓa shi ba, in yana so ya sayi nasa.

Ya sayi nasa. Yanzu haka yana yawon neman mota wajen dillalan Akwa da na Bassa, da kwali a naɗe a bayan babur da gwangwani a aljihu, kuma motar baƙo ko a tsakiyar titi ne sai ya kwanta ƙarƙashinta. Dillalan sun fara gane shi daga nesa, wasu da sun hango shi sai su ce an riga an sayar.

Farar akori-kurar kuwa tana nan a ƙofar Alhaji. Har yanzu ana kai ta wanki duk Juma'a, amma an ce ya hana a taɓa injin. Da yamma in an ajiye ta, Alhaji da kansa yake tura wani tsohon faranti cike da yashi ƙarƙashinta, da ƙafa, yana kallon wani wajen.